Hotuna na ta yawo, jadawali na karyewa a Word: ina gyaran yake?

Ɗalibar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a taimaka min. Ina haɗa kundin kammala digiri a Word, da jadawali 9 da hotuna kusan 20 da aka ɗauka da waya. Da zarar na ƙara sakin layi ɗaya a sama, sai hotunan su bar wurinsu, wani ma ya hau kan rubutu. Akwai dogon jadawali da ya tsallaka shafi na biyu ba tare da layin kanunsa ba, wani kuma ya fita gefen takarda. Fayil ɗin ma ya yi nauyi, ya ƙi tafiya ta imel. Ta ina zan fara?

Malam Mai Tayif:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, danna Ctrl da Shift da 8 a tare. Alamomin da ke ɓoye za su fito, ki ga duk inda aka yi ta buga Enter don a tura abu ƙasa. Goge su. Su ne rabin matsalar, domin kowane Enter layi ne da ke motsawa idan rubutun sama ya ƙaru. In kina son sabon shafi, Ctrl da Enter ne.

Shi hoto zama iri biyu yake yi. Ko dai ya zauna cikin layi kamar wani babban harafi, wato In Line with Text, ko ya yi iyo a kan shafi, rubutu na zagaye shi, irin su Square da Tight. Mai iyo a ɗaure yake da wani sakin layi, za ki ga 'yar alamar ankar jirgin ruwa a gefe idan kin taɓa shi. Duk inda sakin layin nan ya je, can hoton zai bi shi, ko da shafi na gaba ne. A kundi ba ki da buƙatar mai iyo ko ɗaya. Ki mayar da su duka In Line with Text, kowane hoto a layinsa shi kaɗai, ki sa shi tsakiya da Ctrl da E.

Kada ki rubuta "Hoto na 3" da hannu. Shiga References, ki zaɓi Insert Caption, ki ƙirƙiri lakabin "Hoto" da "Jadawali" ta New Label. Lambobin za su jera kansu, kuma in kin cire ɗaya sai Ctrl da A, sannan F9, su daidaita. A layin da hoton yake, buɗe Paragraph ki sa alama a Keep with next, don kada hoto ya kwana a wani shafi bayaninsa a wani. In za ki rage girma, ja daga kusurwa. Jan gefe ne ke sa fuska ta baje.

Anti Sakatariya:
Malam ya gama da hoto, bari in ɗauki jadawali. 'Yata, fara duba girman takarda a Layout. Sau da yawa tana kan Letter, mai santimita 21.59 da 27.94, alhali A4 ake bugawa a kai, mai 21 da 29.7. Gyara wannan tukuna, in ba haka ba duk abin da kika jera sai ya sake gocewa. A kan A4, idan gefe biyu 2.54 ne kowanne, faɗin da ya rage miki 15.92 ne kacal. Idan an ƙara na hagu zuwa 3.81 saboda ɗinki, saura 14.65. Jadawalin da aka kwaso daga Excel yakan wuce haka, shi ya sa yake fita. Danna cikinsa, ki zaɓi AutoFit, sannan AutoFit Window.

Na dogon kuwa, zaɓi layin farko mai ɗauke da kanun, ki danna Repeat Header Rows. Daga nan zaɓi jadawalin gaba ɗaya, shiga Table Properties, ɓangaren Row, ki cire alamar Allow row to break across pages, don kada layi guda ya rabu gida biyu.

Idan ginshiƙan sun kai takwas ko tara, kada ki matse rubutu har ya gagari karantawa. Kwantar da shafin shi kaɗai: sa Next Page daga Breaks kafin jadawalin, ki sa wani bayansa, ki tsaya a tsakaninsu ki zaɓi Landscape. Faɗin zai kai 24.62. In kika manta na biyun, duk shafukan da ke biye za su kwanta.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri. Hotunan sun zauna, sai guda biyu da ɗan siririn ƙasansu kawai ke fitowa. Kan jadawalin ma har yanzu bai maimaitu ba, Anti.

Anti Sakatariya:
Hotuna biyun nan, tazarar layinsu ce ke kan Exactly, sai Word ya yanke hoton daidai tsayin layi ɗaya. Mayar da ita Single. Kan jadawali kuma abu biyu ke hana shi. Ko dai Text wrapping na kan Around a Table Properties, wanda yakan faru idan an ja jadawali da linzami, sai ki mayar None. Ko kuma an sa Ctrl da Enter a tsakiyarsa, ya raba shi biyu. Goge wannan, ki bar shi ya tsallaka da kansa.

Yaya Injiniya:
Saura nauyi. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi, alhali hoto mai faɗin santimita 15 a takarda kusan 1300 sun ishe shi. Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25. Ki ajiye kwafi ɗaya daban tukuna, domin matsewa ba ta komawa baya idan an rufe fayil. Sai ki taɓa hoto guda, Picture Format, Compress Pictures, ki cire alamar Apply only to this picture, ki bar ta Delete cropped areas, ki zaɓi 220, wato ɗigo 220 a kowane inci. Ban yarda a sauka 96 ba ga abin da za a buga, taswira da ƙananan rubutu dushewa suke yi.

Wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa: ba kowane salon rubutu ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan kwamfutar shagon bugawa ba ta da salon da kika yi aiki da shi, za ta canza shi da wani, faɗin haruffa ya sauya, layukan jadawali su ƙaru, shafuka su goce. Don haka kada ki kai musu fayil ɗin Word. Ki yi Save As, ki zaɓi PDF, ki bi shi shafi-shafi da idonki, ki tsaya sosai a kan shafin da kika kwantar da wanda ke bayansa, sannan ki kai.