Neman taimako kan alƙaluman tsayin teku a Pago Pago

Assalamu alaikum. Ina nazarin alƙaluman na'urar auna tsayin teku da ke Pago Pago, a Samowa ta Amurka, kuma aikin ya cije mini. Tun bayan girgizar ƙasar Satumban 2009, na'urar tana nuna ruwa yana hawa da sauri fiye da abin da taurarin ɗan Adam suka auna a yankin. Na cire tasirin cikowa da janyewar teku da na El Nino (ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke zuwa lokaci-lokaci), amma giɓin bai rufe ba. Ina kyautata zaton tsibirin ne yake lotsawa, sai dai da na ɗebe lotsawar da na'urar GPS ta auna a matsayin mai gudu ɗaya da ba ya canzawa, sakamakon shekarun farko ya karkace, domin lotsawar ba a daidai take tafiya ba. Wace hanyar lissafi ce za ta raba lotsawar ƙasa da hawan teku na haƙiƙa?