Maigidan da nake wa aiki yana tari, in ci gaba da zuwa?

Mai aikatau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikatau nake yi a wani gida, shara da wanki da wanke-wanke, in je da safe in dawo da yamma. To maigidan ne ya kwanta, ga tari ga zazzaɓi, har ya ce ba ya jin ƙanshin komai. Uwar ɗakina ta ce mura ce, in ci gaba da gyara masa ɗaki. Ni kuma mahaifiyata tsohuwa ce mai ciwon suga, ɗaki ɗaya muke kwana. In na ƙi zuwa ba albashi. Don Allah yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Rashin jin ƙanshi yana cikin alamomin korona, ya kamata a yi masa gwaji ya killace kansa. Cutar ta numfashi take yaɗuwa, shi ya sa rufaffen ɗakin nan ya fi tulin kwanukan haɗari. In ya zama dole ki shiga, a buɗe tagogi tukuna, ki sa takunkumin da ya rufe hanci da baki, shi ma ya sa. Kada ki kakkaɓe zanin gadonsa, naɗe shi za ki yi a hankali. Kina fitowa ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Safar hannu ba ta da amfani in kina sosa ido da ita. Mama kuwa, ku raba wurin kwana in da hali, don alamun na iya kai kwana 14 ba su fito ba, kuma tun kafin su fito ana iya sa wa wani.

Tsohuwar hannu: Na daɗe a sana'ar nan. Tsoro kan sa mutum ya yi ta zuba bilic, wato ruwan maganin nan na faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, ko'ina. Ki tsarma shi da ruwa, kuma kada ki kuskura ki haɗa shi da wani maganin wanke bayi, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Wata uwar gida: Ni ma ina da mai aiki, amma gaskiya uwar ɗakinki ba ta kyauta ba. Jinyar mijinta a wuyanta take. Yarjejeniya ta 189 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2011 ta ba masu aikin gida haƙƙin yin aiki ba tare da an jefa lafiyarsu cikin haɗari ba, ko da yake ƙasashe da yawa ba su rattaba mata hannu ba. Ki same ta cikin ladabi ki ce za ki yi aikin waje da wanki, ban da ɗakinsa, kuma ku tsayar da maganar albashi tun yanzu in har kin kwanta.

Mai aikatau: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan yi mata maganar. In ta ƙi fa?