Taƙaitawa kan kalmar "liquidate"

Jama'a, magana kan ma'anar kalmar Turanci "liquidate" a harkar kamfanoni ta yi tsawo. Ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ma'anarta ta wuce garƙame ƙofar kamfani. Ana sayar da kadarori ne, motoci, injuna, har kujerun ofis, a mai da su tsabar kuɗi, a biya masu bin bashi. In wani abu ya ragu, masu hannun jari su raba, sannan a soke rajistar kamfanin.

2. An rabu kan ko dole sai kamfani ya karye. Wasu sun ce e. Mafi yawa suka ce a'a: masu kamfani na iya yi don raɗin kansu ko da ba a bin su sisi, wani lokaci kuma kotu ce ke tilastawa. Ni ma nan na karkata.

3. A Ingila kusan ɗaya take da "wind up". "Bankrupt" kuwa, wato karyewa ta kasa biyan bashi, a dokar can ta mutum ce, amma a Amurka har kamfani ake faɗa wa.

4. In mutum ya sayar da hannun jarinsa kaf ma, "liquidate" ake amfani da ita.

5. Hattara, in aka ce an yi "liquidate" ɗin mutum, kisa ake nufi.