Gwangwanin Baba: wa zai kimanta mana tsofaffin kuɗi?

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Muna gyaran ɗakin marigayi Baba muka ci karo da gwangwani cike da kuɗin da: kwabo mai huda, anini, sulalla, takardar fam ɗaya guda uku, Murtala biyu. Akwai kuma wata babbar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Mu goma sha ɗaya ne magada, ba na son haƙƙin kowa ya hau kaina. Ina za a kai?

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta.

Abu Gawon Nama: Amin. Kafin komai, kada a wanke su.

Nasiru Mabera: Ai kuwa ƙanwata har ta jiƙa tsamiya, ta tanadi toka.

Abu Gawon Nama: Ta dama kunu da ita. Wannan duhun da shekaru suka bar musu shi masu tarawa ke so. Da an goge sai zane ya fito, farashi ya faɗi. Takardun ma kada a yi musu guga, kada a manna salatif.

Malam Sani: Nasiru, saurara da kyau, don ni an ƙone ni. Shekarun baya wani mutum ya zo shagona a Tsohuwar Kasuwa, fes da shi, yana tambayar kwabo mai huda. Wai akwai wani sinadari a ciki da Turawa ke nema ido rufe, guda ɗaya miliyoyi. Na koma gida na kwaso na Inna. Ya ɗora ɗaya a faranti, ya yi 'yan dabarunsa, ƙwayar shinkafa ta manne. Na ce shi ke nan, arziki ya zo. Sai aka shiga kawo kuɗin gwaji, kawo kuɗin takarda, kawo na motar mai saye da zai taso daga Konni. Sau uku ina bayarwa, har da kuɗin jari. Ranar da muka yi za mu haɗu a Illela na wuni a tasha, lambarsa a kashe, har yau. Abin da ya fi ci mini rai kuɗin Inna da ya tafi da su, tun na aurenta ne. Bayan nan na zauna na koyi abin. Babu wani sinadari. Jan ƙarfe ne, wasu gaurayen jan ƙarfe da farin ƙarfe, kuma an buga su da ɗimbin yawa tun zamanin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya saya, rufe ƙofarka.

Hajiya Inno: Innalillahi. Haka anka yi ma maƙwabcinmu, shi da tsohon keken ɗinki anka zo mai.

Ɗan Wurno: Amma Malam, ni ina da kwabon 1936 mai sunan sarkin Ingila da ya yi murabus. An ce wannan daban ne.

Malam Sani: Edward na takwas. Labarinsa ke da daɗi, amma kwabon yana da yawa a hannun mutane. Duba ko akwai ƙaramin harafi H ko KN, alamar ma'aikatar da ta buga ce a Birmingham. Shekara da wannan harafi da lafiyar kuɗin su ke raba mai tsada da mai araha.

Abu Gawon Nama: Nasiru, ware sulallan 1913 zuwa 1919, waɗannan azurfa ce. Na baya masu ruwan rawaya tagulla ne. Mai hoton macen nan liyari ce, ta Maria Theresa, sarauniyar Austria. Kada 1780 ta ruɗe ka, shekarar da ta mutu ce, aka ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu. Mai kyau tana kai giram 28. Kai wa maƙeran farfaru biyu ko uku su auna, ka ji farashin giram a ranar. In an taɓa huda ta ko an yi mata kunne don ado, kuɗin azurfarta kawai za ka samu.

Ɗan Wurno: Mu dala muke ce mata.

Hajiya Inno: Dala sule biyu ta, yaro. Mi kas sani? Da taro muka sayen hura mu ƙoshi.

Ɗan Wurno: Sule biyu ai fataka ce, Hajiya.

Hajiya Inno: Duk ɗaya na. Tambayi kakarka.

Ustaz Bello: Tambaya nake: halal ne a sayar da naira 20 a kan dubbai? Ina jin tsoron riba.

Malam Sani: Wadda ta daina ci a kasuwa ta zama haja, a fahimtata. Amma a kai wa malamai, musamman batun azurfar.

Maryam Arkilla: Yaya Nasiru, turo hoton gaba da baya. Fam ɗin na Babban Banki ne, wato daga 1959, ko na kafin nan? Murtalar kuma ta farko ce ta 1977, ko ta bayan canjin launi na 1984? Ka nemi kowanne a Numista, shafin intanet na masu tara tsofaffin kuɗi, don sanin irinsa, sannan a eBay ka duba waɗanda aka riga aka sayar. Farashin da mutum ya rubuta yana jira ba shi ne farashi ba.

Abu Gawon Nama: Ni da nawa ne, zan kai 'yan kaɗan gidan tarihin Waziri Junaidu, yara su riƙa gani.

Nasiru Mabera: Sai magada sun yarda. Maryam, ɗaya daga cikin fam ɗin gara ta ci gefensa. Hoto na zuwa bayan la'asar, wayar na caji.

Ɗan Wurno: Hajiya, na tambayo ta. Ta ce fataka.