Neman shawara: bes ɗina yana ƙugi a wajen biki, in ƙaro feda ne ko me?

Tela mai bes, Sabon Tasha:

Barkanmu da yamma iyayen gida da 'yan'uwa. Ni ɗinki ne sana'ata, bes kuma, wato jitar nan mai kaurin murya, sha'awa ce, shekara 4 ke nan ina taɓawa. Mu biyar ne: mai ganga, mai kibod, mai jita, mawaƙiya, sai ni. Ran Lahadi muna coci, ran Asabar in an samu biki mu je mu samo na mai.

Bes ɗin na hannu ne, mai tsirkiya 4, ƙirar Jazz amma ba na asali ba. Bara na sa kafinta ya yanka mini katako na manna feda huɗu a kai, wato ƙananan akwatunan gyara sauti da ake takawa da ƙafa: tiyuna ta saita tsirkiya, kwamfuresa ta daidaita ƙarfin sauti, diraib ta sa wa sauti kaushi, da wata ƙaramar dijital mai ɗan allo. Dukkansu adafta ɗaya ke ba su wuta ta wayar nan mai kawuna biyar. A ɗakina shiru kake ji. Amma da an ta da janareta a wajen biki sai "zuuuu". Asabar ɗin da ta wuce uban ango na tsakiyar jawabi, fili ya yi tsit, ƙugin nan kaɗai ke tashi. Mutane suka riƙa waiwayowa, mai miksa ya sauke ni ƙasa gaba ɗaya. Da muka koma gida matata, wadda ta zauna can baya, ta ce ita dai ta ga hannuna yana motsi, amma ba ta ji ni ba ko sau ɗaya.

Abu na biyu, mai kibod ɗinmu hannunsa na hagu ba ya hutawa, duk inda zan taka ya riga ni. Ya girme ni da shekara 10, kuma miksa da lasifikan duk nasa ne, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Ƙarshen wata zan kwashi adashi. Wani ya ce in sayi fedar da ke yanke ƙara in mutum ya daina kaɗawa, wani ya ce amfi babba, wato akwatin ƙara sauti. Wanne zan fara?

Mai gyaran amfi, Jos:

Ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Fedar yanke ƙara rufe tukunya take yi, miyar na nan yadda take. Da ka taɓa tsirkiya ƙugin zai dawo tare da sautinka.

Ka je inda janaretan yake ka yi gwaji, ba a ɗakinka ba. Fara da bes kai tsaye cikin amfi, babu feda ko ɗaya. Ƙirar Jazz tun da Fender ya fito da ita a 1960 fikof biyu gare ta, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya. Kowanne shi kaɗai yana kwasar ƙugin wuta, wanda a ƙasarmu 50 Hz ne. In ka buɗe su biyun daidai wa daida sai su kashe wa juna ƙugin. Da yawa suna rage na gaba don sauti ya yi tsini, sannan su zo shagona suna cewa bes ya lalace.

Bayan haka ka ɗora hannu a kan tsirkiya. In ƙugin ya ragu, wayar ƙasa ta ciki tana aiki, sai dai ramin kayan wutar yana son a shimfiɗa masa tef ɗin tagulla. In bai canza ba ko ya ƙaru, wataƙila siririyar wayar da ke ƙarƙashin gadar tsirkiya ce ta tsinke, aikin minti goma ne da dalma.

Amma zargina ya fi ƙarfi a kan wayarka mai kawuna biyar. Fedar diraib ɗan abin da take ci bai taka kara ya karya ba, ta dijital kuwa tana iya cin 100 mA ko fiye, kuma tana zubar da dattinta a layin da suke rabawa. Cire adaftar, sa wa kowacce batir 9V, waccan mai allo ka ware ta. In aka yi shiru ka kama ɓarawonka. Maganinsa akwatin wuta mai ba kowace feda layinta daban. In za ka saya ka duba zanen jikinsa: yawancin feda 9V suke so, kuma tsakiyar kan nigatif ne. Adaftar kibod ko ta rediyo sau da yawa akasin haka take, tana iya ƙona maka feda nan take.

Sai kuma haɗin miksa. Ka jona amfinka da miksar a soket guda. In da akwatin DI kake shiga, wato wanda ke haɗa bes da miksa, akwai ɗan makunni da aka rubuta GND LIFT, danna shi. Abin da ban yarda da shi ba ko da wasa shi ne karya ƙafa ta uku ta filogin amfi. E, ƙugi kan ragu, amma ranar da waya ta taɓa jikin amfin, hannunka na kan tsirkiya, leɓenka na kan makirfo, kai ne za ka zama hanyar wuta zuwa ƙasa.

Ɗan Kubwa:

Oga, ni dai da ni ne sai in sayar da huɗun nan in sayi Zoom B1 Four guda ɗaya. Tiyuna, kwamfuresa, diraib, har da kiɗan ganga na koyo duk suna ciki. Batir AA huɗu take ci, ko ka jona ta da fawa bank ta USB, ba ruwanka da janaretan kowa. In aljihu ya yi nauyi kuma fedar SansAmp, ka shiga miksa kai tsaye, ka huta da ɗora amfi a Keke.

Tsohon makaɗin otal, Zariya:

Yaro na Kubwa, kai kowane ciwo maganinsa kasuwa? Mutum ya ce matarsa ba ta jin sa, ka ce ya sayi ganga a cikin akwati.

Ɗana tela, maganar ƙugi ka bi abin da na Jos ya faɗa, ba ni da ƙari. Ni rashin jin ka ne ya dame ni. Na yi shekaru ina kiɗa a otal-otal da waya ɗaya tak daga bes zuwa amfi, kuma na ƙofa ma yana ji na. Bari in yi maka duba ba tare da na ga amfinka ba: ka murɗa maɓallin bes na kaurin sauti har ƙarshe, ka kwashe mid na tsakiyar sauti, ka ɗan ƙara tirebul na tsininsa. Haka ne ko ba haka ba? A ɗaki wannan sautin daɗi gare shi kamar fura da nono. A fili kuwa banza ne. Tsirkiyarka mai kauri, E, kusan 41 Hz take, ƙananan lasifikan da ake haya a biki ba sa iya fitar da wannan. Abin da kunnen na baya ke kamawa shi ne tsakiyar sautin, wajen 400 zuwa 800 Hz. Shi kuma ka kashe shi da hannunka. Rage maɓallin bes ɗin, ɗaga mid har sai ka ji sautin ya ɗan yi maka muni kai kaɗai. In sauran suka shigo za ka ga ya zauna.

Diraib ɗin nan kuma ka duba ko ta masu jita ce. Irinsu da yawa suna yanke gindin sauti, ka taka feda don ka fito, sai ka ɓace. Ta bes, kamar Boss ODB-3, tana da maɓallin gauraya sautinka na asali da mai kaushin. Kwamfuresa ma in ka matse ta da yawa ƙugin take ɗagowa duk lokacin da ka yi shiru, ina jin ita ta tona maka asiri gaban uban ango.

James Jamerson, mai bes na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, da bes ɗinsa ƙirar Precision da tsofaffin tsirkiyoyin da ba ya canzawa ya yi aikin da har yau ake koyo. Ban ce feda haramun ba ce. Na ce dai huɗu sun yi wa mai shekara 4 yawa.

Mai kibod kuwa, kada ka ce masa ya daina. Babba ba ya son "daina" daga bakin ƙarami, balle mai kaya. Ka same shi kafin rihazal, ku biyu, ka ce: "Yaya, ina son in gwada riƙe ƙasa ni kaɗai a waƙa ɗaya, ka hau sama ka saurare ni, in na kauce ka gyara mini." Ka mai da shi malaminka. Waƙa ɗaya, ba duka ba.

Mai kibod, Kafanchan:

Baba a gafarce ni, amma a ji ta bakinmu mu ma. Hannun hagun nan ba mugunta ba ce. Mun koyi kiɗa a cocin da babu mai bes, mu ne bes mu ne komai. Sannan in an samu mai bes ɗin, ya zo a makare, ko mawaƙiya ta canza ki, wato matakin murya, ya tsaya yana lalube. Wa zai rufa asiri? Ɗan'uwa tela, tambayi kanka tsakani da Allah: rihazal nawa ka rasa saboda ɗinkin Kirsimeti da na Sallah? In ya tabbata kana nan kuma ba ka faɗuwa, da kansa zai ɗauke hannun, mu ma gajiya muke yi.

Mawaƙiya, Barnawa:

Na Kafanchan ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Ni abin da zan ƙara, ka nemi doguwar waya ka taka har inda madam ta zauna lokacin gwajin sauti, ka ji da kunnenka. Kuɗin adashi kuma ka bar wa keken ɗinki. Mu a ƙungiyarmu duk bikin da muka yi ana fitar da kaso ɗaya na kaya kafin a raba, kamar mutum na shida. Daga nan ake sayen waya da batir da DI. Tun da muka fara haka rigimar "kayana ne" ta mutu.

Ɗan Agadas:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan bikin jita a waje ake yi, kan tabarma, da gurup, wato janareta, wutarsa tana hawa tana sauka. Na daina jona feda da shi sam, batir kawai. Ka kuma kiyayi adaftar da ta zo cikin kayan gwanjo daga Amurka, in 120V kaɗai aka rubuta a jikinta hayaƙi za ka gani. Ƙura ma tana shiga maɓallai su riƙa ƙarar-ƙarar in an murɗa, mutum ya ɗauka wuta ce. Hunturu na tafe, ka riƙa mai da bes cikin jakarsa.

Tela mai bes, Sabon Tasha:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na ɗauki kayan na je shagon maƙwabcina mai aski da ke da janareta. Ɓarayi biyu na kama: fikof ɗin gaba da nake ragewa, da ƙaramar dijital ɗin. Da na cire ta daga layin, ƙugin ya ragu har sai na kara kunne kafin in ji. Baba na Zariya, duban ka ya ci, mid ɗina a kan 2 yake, kunya ta hana ni amsawa tun shekaranjiya. Diraib ɗin ma ta jita ce, na ba mai jitarmu aro.

Na Kafanchan, rihazal uku na rasa a watan jiya, ba zan ɓoye ba. Na yi wa Yaya magana yadda Baba ya tsara. Ya yi dariya ya ce to, waƙa ɗaya, amma shi zai zaɓa. Ya zaɓi wadda mawaƙiyarmu ke hawa ki sau biyu a cikinta. Asabar ne bikin. Wa ke da dabarar tsallaka ki daga F zuwa G ba tare da an ji ɗinkin ba?