Me ya sa hasken da ya dawo ba ya warware juyin da maganaɗisu ya yi masa?

Ɗalibin Fiziks, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum. Malamai, ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikin bincikena ya shafi na'urar da ake girkawa a gaban lesa domin ta bar haske ya fita, ta kuma tare wanda madubi ko bakin zaren gilashi ya maido. Na gane cewa matatan haske biyu ne, masu barin haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce, a tsakaninsu akwai kiristal cikin zoben maganaɗisu, wanda ke juya fuskar kaɗawar haske da digiri 45. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan hasken ya juyo baya, me zai hana juyin ya warware, ya ratsa matacin farko salin-alin?

Malamin Kimiyya, Daura:
Wa alaikumus salam. Tambayarka tana kan hanya, domin da ruwan sukari ne a tsakiya, haka ɗin zai faru: yana juya haske a tafiya, ya warware shi a dawowa. Amma abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1845 daban ne, domin alkiblar maganaɗisu ce ke yanke inda juyin zai nufa, ba alkiblar tafiyar hasken ba. Saboda haka hasken da ya dawo yana ƙara wasu digiri 45 a kan na farko, su zama 90, ya iso matacin farko a gicciye, sai a tare shi. Girman juyin kuwa abu uku ake ninkawa: ƙarfin maganaɗisu, tsawon kiristal, da adadin Verdet na kiristal ɗin, wato ma'aunin yadda yake iya juya haske. Ɗauki kiristal ɗin da ake kira TGG a haske mai tsawon zango nanomita 1064, inda adadin yake kusan radiyan 40 a kowace mita a ƙarfin tesla ɗaya (radiyan ma'aunin kusurwa ne, tesla kuma ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Digiri 45 radiyan 0.785 ne, don haka a ƙarfin tesla ɗaya kana buƙatar kiristal mai kusan santimita biyu.

Ma'aikacin Layin Faiba, Katsina:
Malam ya gama magana a kan tushe, ni ƙari kawai zan yi daga wajen aiki. A layukan sadarwa, inda ake amfani da nanomita 1310 da 1550, ba TGG ake sakawa ba, sai wani kiristal mai suna YIG ko danginsa da aka gauraya da bismut, waɗanda ke juya haske sosai ko da siririn yanki ne, shi ya sa na'urar ba ta kai ɗan yatsa ba. Idan ka ga an rubuta desibel 30, ma'anarsa kashi ɗaya cikin dubu na hasken da ya dawo ne ke sulalewa.

Ɗalibin Fiziks:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Shin zafinmu na Afrilu zai iya ɓata lissafin?

Malamin Kimiyya:
Ƙwarai kuwa, ɗana. Adadin Verdet na TGG yana raguwa idan zafi ya ƙaru, ƙarfin maganaɗisun niyodimiyam ma haka, sai juyin ya gaza 45, haske ya riƙa yoyo zuwa cikin lesa yana dagula ta. Ka daidaita matacin a ɗakin da za ka yi awon, kuma a zafin da za ka yi shi. Sannan ka cire agogo, ka nisantar da sukudireba, domin na taɓa ganin irin wannan maganaɗisu ya fizge ta daga hannun mutum ta daki fuskar kiristal.