Littahin koyon iyo na yara, yanzu ɗiyata ta matsa sai an kai ta ruwa

Maman Nana (Yamai):
Salamu alaikum iyaye. Ƙanena ya kawo ma ɗiyata wani littahi mai hotuna, da Faransanci ne amma rubutun kaɗan ne, labarin wata yarinya mai tsoron ruwa, ta hwara sa ƙahwa, sannan ta koyi hura iska cikin ruwa, daga baya ta kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ta. Abin da ya burge ni wallahi ba a yi ma yarinyar dariya ba, ba wanda ya tura ta. Nana shekara 5 gare ta, da ko wankin kai sai an yi kokowa, yanzu ita ke sa huska cikin baho tana hura kumhwa. To ga matsala, kullum sai ta ce a kai ta bakin gulbin Isa, mu ko Harobanda muke, gulbi ba nisa. Ina ake koya ma yara kamar ta?

Baban Sani (Tawa):
Wa alaikumus salam Maman Nana. Mu nan a tabki muka koya, da gora, manyan yara na riƙe mu, amma ban ba ki wannan shawara, ruwan kwance shi ka kawo tsargiya, yaro ya ta hitsarin jini, daga katantanwa take. Kuma ki lura, littahin ya cire mata tsoro amma bai koya mata iyo ba, yanzu ne ma ya kamata ki ƙara sa ido.

Hajiya Tanti:
Gulbi kam a'a ɗiyata. Kin ga yadda ya yi da unguwarku a ambaliyar 2020, kuma ko lokacin sanyi cika yake idan ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso. Nemi pisin, wato ginannen wurin iyo, mai malamin iyo, wasu otel suna karɓar yara da kuɗi, ki zauna ki gani da idonki, kar ki tura ta da 'yar aiki. Yaro in zai nutse ba ya ihu, shiru kawai. Robar da ake hurawa a hannu ma wasa ce, tana sacewa.

Maman Nana:
Na gode Tanti, zan tambaya. Baban Sani gaskiyarka, jiya ma na rufe tanon ruwanmu saboda ƙanenta mai rarrahe.

Malama Ramatu:
Don Allah aron littahin nake so, in nuna ma yarana na jardan (makarantar ƙananan yara), da Hausa da Zabarmanci zan ba su labarin.